Amsar da Malam Ya Ba Kwamiti

Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ne shugaban garejin gwamnati na garinmu. Can ake gyaran motocin asibiti da na kwasar shara da na kashe gobara. Ni Malam nake kiransa, shi kuma Tela yake ce mini, saboda ɗinki nake yi a gida. Ko ranar da muka yi faɗa Tela ce, sai dai ya ja sunan ya yi tsawo.

An ba shi ofis da kujera mai juyawa, amma kujerar ta fi sanin hularsa a kan shi. In kana nemansa sai dai ka leƙa ramin nan da ake shiga ƙarƙashin mota. Ni da nake wankinsa na san baƙin man da na sha fama da shi. Muna tafe a bakin titi, motar shara za ta wuce, sai ya karkata kai ya ce, "Wannan gobe tana wurina." Kashegari kuwa sai a turo ta.

Yarinyar da muke kira Tsinke ba ni na haife ta ba. Uwarta maƙwabciyata ce, gidan haya ɗaya muke, ƙofarta tana kallon tawa. Uban direba ne, ya rasu a hanya tun ana goyon ta. Uwar ma ta yi jinya ta bi shi. Aka jira dangi su zo su ɗauki yarinya, shiru. Wata rana da yamma sai ga ta da tabarmarta da ɗan kofinta, ta shigo ɗakinmu ta zauna. Malam ya dawo daga aiki ya tarar da ita ta sa hannu a kwanonsa. Ya dube ta, siririya kamar a hura ta faɗi.

"Wannan tsinken fa daga ina?"

Na ce, "Daga ƙofar can."

Ya ce, "To, a ƙara mata."

Iyakar shawarar da aka yi ke nan. Ba mu je kotu ba, ba a rubuta komai ba. A makaranta sunan mahaifinta take amsawa, don Malam ya ce ba za a shafe sunan mamaci ba. Amma Baba take ce masa, ni kuma Mama.

'Ya'yanmu maza ba wanda ya ɗauko shi. Babban yana koyarwa a wani gari, ƙaramin yana sayar da wayoyi. Tsinke ce ta ɗauko shi. Ba rediyo ko fitilar da ta tsira a gidanmu. Har fitilar keken ɗinkina sai da ta kwance. Da ta girma ta shiga makarantar koyon sana'a ta koyi wayarin mota, daga nan ta kama aiki wurin wani bakanike a bakin titi. Ba rumfa, ba inuwa. Mai mota ya zo ya same ta ita kaɗai ya ce, "Ina mai wurin?" Ta gyara masa, ya tafi yana gode wa mai wurin. Ana cikin haka aka zo aka shafa wa wurin jan fenti, za a faɗaɗa titi. Maigidan nata ya ce shi garinsu zai koma. Ita kuwa ba ta da wani wurin zuwa.

A daidai lokacin ne tsohon mai wayarin na garejin gwamnati ya yi ritaya, aka yi sanarwa ana neman wani. Aiki ne mai rumfa, mai hutu, mai fansho. Duk garin babu irinsa ga mai sana'arta.

Muna cin abinci ta faɗa masa.

"Baba, na nemi aikin nan."

"Wane aiki?"

"Na garejinku."

Malam ya ajiye cokali. Ya dube ni. "Tela, kin sani?"

"Ni na goge mata rigar da ta sa ta je."

"Madalla. Kun gama shawara, ni aka bar wa wanke kwano."

Bai ƙarasa abincin ba.

Akwai doka a wurin aikinsu, kuma kashi biyu ce. Na farko, wanda yake cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata ba ya zama a gwada ɗan'uwansa. Na biyu, ba a sa mutum aiki a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Yadda suke yi kuwa, ranar gwaji sai a jera masu neman aikin a tsakiyar gareji, kafin kowa ya taɓa sifana, shugaban kwamiti ya tambayi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kowa yana ji: a cikin mutanen nan kana da ɗan'uwa? Kowa ya amsa da bakinsa. An ce an fara haka ne bayan wani shugaba na dā ya cika garejin da surukansa, har da wanda bai san inda ake zuba ruwa a mota ba. Malam yana son dokar nan. Da ita ya sallami ɗan ƙaninsa shekarun baya, ƙanin ya yi wata da watanni ba ya gaishe mu.

Ana sauran 'yan kwanaki gwaji, Mai Tabarau ta zo karɓar ɗinkinta. Ita ce take kula da sha'anin ma'aikata a ofishinsu. Sun daɗe tare da Malam, kuma ta san Tsinke tun tana yawo ba takalmi. Ta tarar da ƙanin Malam ya zo, suna shan shayi a falo. Ta gwada rigarta, ta ce hannun ya matse, sannan ta zauna ta cire tabarau tana gogewa.

"Malam, ni fa ba don riga kaɗai na zo ba. Na ga sunan yarinyar nan. Na koma na karanta dokar daga farko har ƙarshe. Ta ambaci ɗa da 'ya, wa da ƙani, mata da miji, surukai, 'ya'yan 'yan'uwa. 'Yar maƙwabciya ba ta ciki. In aka tambaye ka, ka ce babu. Ba ƙarya ka yi ba."

Ƙanin Malam ya tafa hannu. "Yaya, kai kam Allah yana son ka! Da jininka ce da ta rasa, kamar yadda nawa ya rasa. Yau rashin dangi ya yi rana."

Na ce, "Kai, sha shayinka ka rufe mana baki."

"A'a, matar Yaya, gaskiya ce ai. Me ya haɗa su? Ko kama ba su yi ba. Shi kamar buhu, ita kamar igiyar ɗaure shi."

Tsinke tana tsaye a ƙofar kicin da buta a hannu. Duk ta ji. Ta ajiye butar ta zo ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba, ka ce babu. Wallahi ba zan ji komai ba. Kalma ɗaya ce."

Malam bai dube ta ba. Mai Tabarau ya duba. "Ke da kika haddace ta, don me aka yi dokar?"

"Don kada son zuciya ya shiga aiki mana."

"To. Gobe ta haɗa waya ba daidai ba, motar asibiti ta mutu a hanya da mara lafiya a ciki. Ni ne zan rubuta a hukunta ta. Tela, kina ganin hannuna zai rubutu?"

Na ce, "Ba za ta haɗa ba daidai ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Mai Tabarau ta mayar da tabarau, ta naɗe rigarta ta bar mini in buɗa hannun. A bakin ƙofa ta ce da ni a hankali, "Ki lallashe shi. In ya buɗe baki ya ce akwai, ni kaina ba abin da zan iya yi."

Na kuwa lallasa. Da safe yana ɗaura takalmi na lallasa, da yamma yana wanke hannu na lallasa. Na ce masa yarinyar nan ba ta da kowa sai mu, kuma ba alfarma ake nema ba, ta iya aikinta. Na ce masa masu ilimi sun karanta sun ce ba laifi, shi wane ne da zai fi doka tsanani? Yana ji, yana gyaɗa kai, yana cewa, "Na ji, Tela." Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Har ranar ta zo ban san abin da yake ransa ba.

Ranar gwaji na kasa zaman gida. Na rufe keke na bi su a baya. Maigadin gareji ya san ni, ya ba ni bencinsa daga ciki, gindin bishiyar da take bakin ƙofa. Daga nan ana ganin komai. Garejin babbar rumfar kwano ce, gabanta a buɗe. Ƙasan siminti ne da ya sha baƙin mai har ya koma kamar gawayi. Ga ramuka, ga sarƙar ɗaga inji tana lilo, ga tsofaffin tayoyi an jera jikin bango. An share tsakiya an kawo tebur da kujeru. A gefe an ajiye wata motar asibiti, an ɗaga murfin injinta.

Masu neman aikin suka jeru, duk maza, sai Tsinke a ƙarshe. Ta naɗe hannun riga, ta ɗaure kai tam. Darakta ne shugaban kwamitin, wani dogon mutum mai furfura a gemu. Mai Tabarau tana gefensa. Sai wani daga asibiti, wani daga 'yan kashe gobara, sai Malam.

Darakta ya miƙe ya yi tambayar. Na asibiti ya ce, "Babu." Na kashe gobara ya ce, "Babu." Mai Tabarau ta ce, "Babu." Aka zo kan Malam.

Ya tashi. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Akwai."



Darakta ya ce, "Wane ne?"

"Waccan ta ƙarshe. 'Yata ce."

Kanikawan da suke leƙe daga bayan motoci suka fara ƙus-ƙus. Darakta ya duba takardun gabansa ya dubi Mai Tabarau. Ta miƙe da sauri.

"Ranka ya daɗe, ba shi ya haife ta ba. Marainiya ce, a gidansa ta tashi. Doka ba ta ambaci irin wannan ba."

Darakta ya ce, "Ka ji, Malam. Doka ba ta kama ka ba. Kana iya janye maganarka mu ci gaba."

"Ranka ya daɗe, ni aka tambaya ko ina da ɗan'uwa a nan, ba takarda aka tambaya ba. Ni na ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti lokacin da ta yi ƙyanda. Ni na koya mata riƙe filaya. In na tsaya nan ina kallon hannunta, nawa hannun ne zai riƙa rawa. Abin da dokar take gudu ke nan, ko an rubuta ko ba a rubuta ba."

"Ka san abin da yake biye da wannan? Ko ta ci, ba za ta yi aiki a ƙarƙashinka ba. Kuma ba mu da wani garejin."

"Na sani. A gwada ta tukuna. Kada a yanke mata hukunci ba ta taɓa waya ba."

Ya ɗauki makullansa daga kan tebur ya miƙa wa Darakta. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo.

"Sai kuma motar nan. Ni na lalata ta jiya don a gwada su. Ban gaya wa kowa abin da na taɓa ba, amma yarinyar ta san hannuna. Ta san inda nake son ɓoye abu. A kawo wata, wani ya lalata."

Na kashe gobara ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai ba ka son mu ci abincin rana a kan lokaci." Aka tura masu neman aikin bayan ofis, aka turo wata motar asibitin, na kashe gobara ya tuɓe riga ya shiga cikinta. Rana ta take, kowa yana gunaguni.

Malam ya zo ya zauna kusa da ni a bencin maigadi. Amma bayansa ya ba garejin, yana kallon titi.

"Tela, kin karya kuwa kafin ki fito?"

"Kada ka yi mini magana."

"To."

Aka fara kiran su ɗaya ɗaya. Ni ina kallo, shi yana saurare. Na farko ya shiga, aka ji wani ƙyas, Malam ya ce, "Wannan ya haɗa kan batir a juye." Wani ya shiga, mota ta yi tari ta yi shiru, Malam ya ce, "Yana da hannu, gaggawa ce ta yi masa yawa." Maigadi yana ta dariya yana cewa, "Shugaba, ido ne da kai a ƙeya?"

Da aka kira Tsinke sai bakinsa ya mutu. Ya kama hular nan yana murɗawa kamar mai matse wanki. Na gan ta ta shige ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunta kaɗai a waje. Ta fito ta zagaya gaba. Ta koma. Shiru, shiru. Ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Me take yi?"

Na ce, "Juya ka gani mana."

"Ba zan juya ba. Me take yi?"

"Ta kwanta a ƙasa."

"Gaba ko baya?"

"Baya."

Ya yi ajiyar zuciya.

Can sai injin ya tashi. Fitilun kan motar suka fara juyawa, jiniya ta ɗauka har tsuntsayen bishiyar suka watse. Kanikawa suka yi ta tafi, Darakta ya ɗaga musu hannu su bari. Na dubi Malam. Idonsa ya kawo ruwa, yana goge shi da murɗaɗɗiyar hular.

"Ta daɗe," in ji shi. "Da ta fara da wayar baya da tuni ta gama."

Ita ta zo ta ɗaya. Amma ba a ba ta aikin ba. Mai Tabarau ta biyo da yamma ta ce tunda Malam ya faɗa a gaban kwamiti, maganar ta zauna. An ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen wata. In ba a sami mafita ba, wanda ya zo na biyu za a kira.

Gidanmu ya yi tsit a kwanakin nan. Tsinke ta daina cin abinci a falo, sai ta ɗauki kwanonta ta shigo ɗakin ɗinki ta zauna a kan tarin yadi. Takan gaishe shi, amma a tsaye, tana kallon bango. Wurin aikinta na bakin titi kuwa an riga an rushe shi. Ƙanin Malam ya zo takanas don ya yi mana jaje.

"Alhamdu lillahi, Yaya, yanzu na yafe maka. Ashe ba ɗana kaɗai ka tsana ba, kowa ma haka kake yi masa."

Malam ya ce, "Tela, ba shi shayi ya tafi."

Ni ma ban sassauta masa ba. Na ce masa, "Ka ji daɗi, an tafa maka, kai mai gaskiya. Ita kuma ta ci me?" Ya ce, "Wata bai ƙare ba tukuna."

Wata rana da azahar ina kan keke na ji an turo ƙofa. Malam ne, a lokacin da bai saba dawowa ba. Ya rungumo kwali. A ciki akwai butar shayinsa, da ɗan rediyonsa, da takalman robar da yake shiga rami da su, da tsohuwar rigar aikinsa. Ya ajiye a tsakar ɗaki ya zauna.

Na ce, "Korar ka aka yi?"

"Wa zai kore ni? Canji na nema, aka ba ni. Daga gobe ina filin gwanjo."

Filin gwanjo wani fili ne a bayan gari inda ake jibge motocin gwamnati da suka mutu, kafin a sayar da su ga masu sayen ƙarfe. Ba wuta, ba rumfa, sai ɗan ɗaki ɗaya da ciyawa da ƙadangaru. Wanda ya yi laifi ake turawa can. Ba a taɓa jin wanda ya nema da bakinsa ba. Ga shi saura 'yan shekaru kaɗan ya yi ritaya a kan kujerarsa, da mutuncinsa.

Tsinke ta fito daga ɗakin ɗinki. Ta dubi kwalin ta dube shi.

"Ba zan je ba."

"Ina?"

"Garejin. Ka mayar da kayanka. Ni ba zan ci aikin da aka tashe ka dominsa ba."

"Ai kin makara. Kujera ta riga ta tafi. Mataimakina ya zauna, har ya sa an ɗaga masa ita don ƙafarsa ba ta kai ƙasa. In ba ki je ba, an yi asara biyu ke nan."

"Baba, filin gwanjo fa! Kai da ba ka iya wuni ba ka ji ƙarar inji ba! Me za ka yi a can, ka ƙirga ƙadangaru?"

"An ce suna da yawa, aiki ba zai yanke ba."

"Ba wasa nake yi ba!" Muryarta ta fashe. Tunda take ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. "Na ce maka ka ce babu. Na durƙusa na roƙe ka. Na ce maka ba zan ji komai ba!"

Malam ya daina murmushi.

"Ke kika ce ba za ki ji ba. Ni na ce miki ba zan ji ba?"

Ta sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Kina tsaye kina kallona, ga mutane, in buɗe baki in ce ba ni da kowa a nan? Da wane bakin zan dawo gida in ce ki miƙo mini ruwa?" Ya numfasa. "Sannan ki ji. Da na ce babu, ai gari ya san gidan da kika tashi. Duk wayar da kika haɗa a garejin nan, cewa za a yi Malam ne ya haɗa miki. Har ki tsufa ana faɗa. Yanzu kuwa kowa ya ga bayana na ba ki. Aikin naki ne. Ba wanda ya ba ki."

Ta zube a ƙasa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya ɗora mata hannu a ka, sai ya dube ni.

"Tela, kina zaune. Rigar nan ta cikin kwali, ki rage mata ita. Wadda za su ba ta a sito mutum uku za su shiga."

Na ɗauko rigar. Na rage kafaɗa, na rage tsawo, na yanke kusan rabi. Ina ɗinki ina kuka, har sai da na warware hannu ɗaya na sake.

Na taɓa kai masa abinci filin gwanjo. Na same shi ya sa an share ciyawa, ya jera matattun motocin nan layi layi, kowace da irin ciwon da ya kashe ta. Ya zagaya da ni yana gabatar mini da su kamar dangi. Wannan ya yi jinyarta shekara da shekaru. Waccan direba ne ya cuce ta. Ya shafa wata tsohuwar motar kashe gobara ya ce, "Wannan da za a ba ni ita mako guda, da ta tashi." Na ce, "To ka tashe ta mana." Ya ce, "Ba aikina ba ne yanzu." Bai faɗa da ɗaci ba. Amma na ga yadda hannunsa ya daɗe a jikinta.

Bai sake taka garejin ba. In hanya ta bi da shi ta nan, tsallakawa yake yi ya bi ɗaya gefen titin, kada a ce ya zo duba aikin 'yarsa. In ta dawo da yamma ta fara ba shi labarin wata mota da ta gagara, sai ya ce, "Ki tambayi shugabanki." Sannan ya ce, "Amma wane irin ƙara take yi?"

Bai kai ga ritayar ba. Ciwon bai daɗe ba, kuma ba na son in yi maganarsa. Tsinke tana nan a garejin har yau. Ita take riƙe da ni.

Safiyar da ta fara aiki, tare suka fita. Na ce zan sayo zare, na bi su a baya. Ita tana cikin rigarsa da na rage, shi yana riƙe da butar shayinsa. Suna tafe yana yi mata faɗa a kan kada ta ara wa kowa filayarta. Da suka kai mararraba, inda hanyar gareji ta yi dama, ta filin gwanjo ta yi hagu, sai ƙafarsa ta ɗauke shi dama, yadda ta saba shekara da shekaru. Sai da ya yi 'yan taku sannan ya tuna. Ya tsaya. Tsinke ma ta tsaya.

Ya ce, "Wuce mana. Kina so ki makara ranar farko, a ce 'yar wane ce?"

Ta wuce. Ya tsaya nan a bakin titi, masu babur suna yi masa hon, har sai da ya ga maigadi ya buɗe mata ƙofa ta shiga. Sannan ya gyara hula, ya koma baya, ya bi hagu.